Huhun Goron da Bai Kai Damina Ba

A cikin masu dakon da suke sauke mini goro daga lori a unguwar Aboabo, a ƙasar Tonawa, akwai wani dattijo Badagombe wanda ya girme ni nesa. Tun ina yaron wani, ina kwana kan buhuna a rumfar ubangidana, yake dako. Har na kama rumfar kaina yana nan yana dako. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Maigida, ko da yake ya san ni tun ba ni da takalmi.

A shekarar 1969 wuyansa ya gaza. Ba faɗuwa ya yi ba. Na dai lura in an ɗora masa huhu yakan tsaya jim kaɗan kafin ya ɗaga ƙafa, kuma yatsunsa na hagu sun daina damƙe igiya. Na kai shi wurin wani likita wajen Manhyia. Likitan ya taɓa, ya matsa, ya ce da Tonanci ƙasusuwan wuyan sun cinye juna, in ya ci gaba da ɗaukar kaya a ka wata rana zai sauke kaya ya kasa tashi. A hanyarmu ta komawa Baba ya yi dariya, ya ce likita ya faɗi abin da za a bari, bai faɗi abin da za a ci ba.

Gaskiyarsa ce. Shi da matarsa suna zaune a wani tsohon madafi a bayan gidan wani Bazabarme mai sayar da atamfa, ba a karɓar musu haya. 'Ya'yan da suka haifa ba wanda ya rayu. Ita takan yi ɓarar goro in da aiki, in babu ta yi wa mutane wanki. Ran da bai samu dako ba, kwanon maƙwabta ne abincinsu. Haka suka yi shekaru, kuma ba wanda yake ganin abin mamaki ne, don a Zango akwai irinsu a bayan gidaje da yawa.

Na taɓa ba irinsu rance, ba sau ɗaya ba, na ga inda yake ƙarewa. Abin da ka ba mai yunwa da safe ya ja jari, kafin la'asar ya zama dokunu, tuwon masarar Tonawa, da kifi, kuma ba laifinsa ba ne. Bayan nan sai ya daina bin layin rumfarka. Ka rasa abinka, ka rasa gaisuwarsa, shi kuma ya ƙara nauyin kunya kan yunwar da yake da ita. Adashi kuwa ba ya karɓar wanda ba shi da abin zubi. Saboda haka da na zauna tunanin Baba, ban ko kawo rance a raina ba.

Abin da na sani shi ne goro. Da kaka, lokacin da Tonawa suke kawo shi daga ƙauyuka, araha yake yi. Wanda ya iya adana shi har damina ta yi nisa, ya zama daushe, ya yi zaƙi, sabo kuma bai fito ba, shi ne yake cin riba. Tsakanin nan da can babu ɗaukar nauyi, sai ido da hannu da haƙuri. A shimfiɗa ganyen fita cikin kwando, a jera goro, a rufe. Lokaci lokaci a kwance, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda ƙwaro ya shiga ko sankara ta taɓa, a sake ganye, a ɗaure. Aikin zaune ne, wanda mai ciwon wuya zai iya.

Na ware masa huhu guda mai kyau, na ce kyauta ne, ba na bin sa komai. Na kuma san haƙuri ba ya zama a ɗakin da ba a ɗora tukunya, don haka na ce wa mai ɗakina ta riƙa zuba musu a cikin girkinmu har lokacin da za a kwance huhun. Na yi magana da sarkin tasha ya bar masa wurin tebur idan lokaci ya yi. Daga abin da ya sayar zai sayi sabo da kaka, ya ci gaba da kansa, ni kuma in janye hannu.

Mai ɗakina ta yarda da komai ban da abu guda. Ta ce in bar huhun a rumfata, ya riƙa zuwa yana dubawa. Na ƙi. Na ce abin da ke rumfata nawa ne a idon kowa, har a idonsa. Zai zo ya yi aikin kamar ɗan ƙwadago, ya jira in sallame shi. Ina so ya buɗe ido da asuba ya ga abinsa a kusurwar ɗakinsa. Ta ce to, na fi ta sanin goro, amma ita ta fi ni shiga bayan gidaje.

Ranar da muka kai huhun, a kura muka tura shi, don na hana shi ɗauka. Ya bi kurar a baya hannunsa a sake, yana ta waige-waige kamar wanda ya manta wani abu a hanya.

Nakan je in zauna da su muna dubawa. Hannunsa ya yi kanta, ba ya jin laushin goron da ya fara lalacewa. Sai in ba shi biyu, in ce ya faɗa mini wanne ne mai ƙwaro, ya juya ya juya ya zaɓi lafiyayyen. Matarsa tana gefe tana tsintar nata, ba ta kuskure.

"Duk shekarun nan goro yana bisa kanka," in ji ta, "ashe ba ka taɓa leƙa shi ba."

"In kaya na kanka ƙasa kake kallo, kar ka faɗa kwata. Yaushe na ga goro?"

"To ga shi yau a ƙasa. Duba."

"Maigida, ka ji ta ko? Tun ba a kafa tebur ba an samu mai tebur."

A hankali ya koya. Ya gane ɗan ƙaramin ramin da ƙwaro yake bari kusa da tsaga, ya gane warin ganyen da ya kwana da ruwa. Ya fara raba goriya da marsa da minu, daga babba zuwa ƙarami, ba sai na nuna ba. Na ga rigarsa ta fara ganin sabulu. Bayan sallar la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida tare da masu gida, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Abokan dakonsa in sun wuce sukan ce, "Alhajin goro, a yi mana ragi." Shi kuma ya ce su dawo da damina, su yi wanka kafin su zo.

Ana cikin azumi aka faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, aka kuma ba da ɗan gajeren wa'adi. Wanda bai ga Zango a kwanakin nan ba, da wuya in iya kwatanta masa. Mutanen da aka haifa a Aboabo, aka haifi iyayensu mata a Aboabo, suna tambayar direbobi ta ina ake bi zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Gadajen ƙarfe da kekunan ɗinki da tukwane a bakin titi, ana sayarwa yadda aka samu. Ni mahaifina mutumin Salaga ne, ɗan ƙasa kamar Baba, abin bai hau kaina ba, amma rabin abokan cinikina ya hau kansu. Wannan ya bar mini mabuɗin rumfa amana, wancan yana so in raka shi neman takarda, wani yana so in karɓi kayansa ko nawa ne. Da baki a bushe nake fita, da baki a bushe nake dawowa. Zuwa ɗakin Baba ya tsaya. Abinci dai bai tsaya ba, matarsa takan zo ta karɓa kafin shan ruwa.

Ita ce ta faɗa wa mai ɗakina, ba ni ba, cewa huhu ya yi ƙasa. Da safe na je.

Gidan Bazabarmen ya zama kango, ƙofofi a buɗe, ƙusoshi a bango inda aka cire labule. Na samu Baba a kan tabarma, huhun a gabansa, igiya a kwance. Na sa hannu, ya nutse cikin ganye har gwiwar hannu kafin in taɓa goro. Abin da ya rage minu ne, bai fi cikin ƙwarya ba.

"Baba, ina goro?"

Bai ɓoye ba. Ya fara da mai gidan, wanda ya ba su ɗaki tun matarsa tana da ƙuruciya, bai taɓa tambayar haya ba. Sai matar nan Bamosa mai koko, wadda takan cika masa ƙoƙo ko ya zo da abin biya ko bai zo ba. Sai wanzamin Sakkwato da ke masa aski. Sai Bayarabiya mai kanti, wadda ta ba da likkafani lokacin da ɗansu na ƙarshe ya rasu. Ya yi ta ambatonsu, wasu na san su, wasu ban sani ba. Duk sun tafi a 'yan kwanakin nan, kowanne kuma ya leƙo bayan gida ya yi masa sallama.

A wurinmu ba a sallamar matafiyi hannu wofi, kuma babu guzurin da ya kai goro ga mai tafiya arewa. Yana riƙe yunwa, yana buɗe bakin mai tsaron iyaka, in an isa kuma kuɗi ne. Kowa ya san wannan. Ni da nake cin abinci da goro na fi kowa sani.

"Maigida," in ji shi, "shekarun nan duka nasu nake ci. Ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa fita daga ɗakina da wani abu a hannunsa. Yau za su tafi ba dawowa, ga abu a ɗakina, suna ganinsa. In ce musu me?"

"Ka ce musu ba naka ba ne."

"Kai ka ce nawa ne."

Na ce haka ne, ni na faɗa. Na kuma ce masa, ba da faɗa ba, goron nan wuyansa ne, wuyansa ya rarraba wa mutane. Ya ce ya sani, tun yana ƙulla na farko ya sani.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce in kwantar da hankalina, koyarwata ba ta faɗi banza ba. Goriya zalla ya zaɓar musu, ya duba kowanne a hasken rana, ya naɗe da sabon ganye yadda zai kai Nijar bai bushe ba. Ba ta yi dariya ba da ta faɗa, mu ma ba mu yi ba.

Har yau ban yarda cewa da na bar huhun a rumfata da na kyauta ba. Da goron ya tsira, wannan gaskiya ne. Amma na ga mutumin nan a dakali cikin masu gida, kuma huhun da ke ɗakinsa ne ya zaunar da shi can. Ni da mai ɗakina mun yi wannan gardama shekaru, ba wanda ya ja wani.

Kafin in tashi na ce masa bayan sallah zan ware wani huhun, kakar ba ta wuce ba. Ya ce Allah ya kai mu. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari matarsa ba ta zo karɓar abinci ba. Mai ɗakina ta kai da kanta, aka karɓa da godiya, aka dawo da kwano da abincin a ciki, an ce sun riga sun ci. A ganinsa abincin nan na mai tsaron huhu ne, tunda babu huhu ba shi da haƙƙi a kansa. Na aika masa cewa ba haka ba ne, bai saurara ba. Ana haka wani Batone ya sayi gidan, ya ce duk mai son zama ya biya haya, har madafin. Tasha kuwa ta cika da kaya, masu dako sun yi ƙaranci, don yawancinsu Zabarmawa ne da Mosawa, suna cikin masu tafiya. Abin da ake ba ɗan dako a lokacin bai taɓa kai haka ba.

A tasha na same shi, da gammo a ka, yana jiran a ɗora masa akwati. Na ja shi gefe. Ya ce marasa nauyi kawai yake ɗauka. Ya ce huhu na biyu ba zai karɓa hannu wofi ba, ko kwando da ganye ne sai ya sayo da guminsa. Na ce kwando da ganye suna zube a rumfata ana taka su. Ya ce ya sani, shi ya sha share su.

"Baba, likita ba wasa yake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Maigida. Kwana kaɗan ne."

Na je wurin shugaban 'yan dako na roƙe shi kada a ƙara ɗora masa kaya. Ya yi alkawari, ya kuma cika. Sai Baba ya koma wajen Dichemso, inda ba a san maganarmu ba. Na ce ya dawo ɗakin da ke bayan rumfata, ba haya, ya ce zai yi shawara. Mutum ne babba, ba ɗaure shi zan yi ba.

Bayan sallah da 'yan kwanaki aka zo aka kira ni. Kan keken ɗinki ya ɗauka daga wani gida zuwa bakin titi. Waɗanda suka gani sun ce ya kai shi lafiya, ya sauke a hankali, har ya gyara masa zama. Sai ya zauna a gefen kwata kamar mai hutawa. Da aka miƙa masa ladansa hannun bai tashi ba.

Asibiti sun riƙe shi ɗan lokaci, suka ce mu kai shi gida. Gidan da ya rage shi ne ɗakin bayan rumfata, can muka kwantar da shi, wannan karon ba a nemi shawararsa ba. Ƙafafu sun tafi, hannu ɗaya ya tafi, baki da hankali suna nan garau. Abincin gidana kuwa yanzu matarsa ce take ba shi a baki, ba shi da yadda zai mayar.

Huhu na biyu ita na ba. Na ce mata nata ne, kamar yadda na ce masa. Amma na yi abin da ban yi ba da farko. Na cika wani ɗan kwando daban da goro mai kyau, na ajiye kusa da huhun, na ce wannan na baƙi ne, ta ba wanda ta ga dama, in ya ƙare ta faɗa mini. Huhun kuwa ba a taɓa shi sai damina. Tun daga lokacin duk wanda na kafa a sana'ar nan, kuma na kafa da dama, da ɗan kwandon nake haɗa masa. Wanda ya daɗe yana karɓa, ranar da ya samu, bayarwa ce take fara cin ransa kafin ciniki. In ba ka tanadar masa abin bayarwa ba, jarin zai bayar.

A gefen shimfiɗarsa take kwance huhun tana dubawa. Yakan juyo ido ya ce wancan da ta ajiye yana da rami. Ta duba, ta ce babu. Ya ce ta juya shi. Wani lokaci da rami, wani lokaci babu, ta ce ciwon ya bar masa baki don ya ishe ta. Yakan tambaye ni ko an ji labarin mai gidansu, ko mai koko ta isa. Direbobi suna kawo labarai iri iri, na waɗanda suka isa da na waɗanda aka binne a hanya, amma ba mu taɓa jin na mutanensa ba. Ban ƙirƙira masa ba.

Da damina ta yi nisa a 1970 daushe ya yi tsada, ko da yake bai kai na shekarun baya ba, don manyan masu saye da yawa sun tafi. Na shigo daga kasuwa wata rana da hantsi, ya tambaye ni yadda ake sayarwa. Na faɗa masa. Ya yi lissafi a ransa.

"Da wancan na farko yana nan, da ya kai?"

Mutumin da ya faɗa mini gaskiya ina tsaye kan huhunsa, ban ga dalilin yi masa ƙarya yana kwance ba.

"Da ya kai, Baba. Da tebur, da sabon goro, har da saura."

"To," in ji shi. "Ashe ba ruɗina ka yi ba."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ya rasu kafin ruwa ya ɗauke. Matarsa ta riga ta kwance huhunta ta fara sayarwa a bakin rumfata, don ba ta iya nisa da shi. Bayan takaba ta ci gaba, ta yi shekaru tana ciyar da kanta, ba ta ƙara yi wa kowa wanki ba.

Ranar addu'arsa na ce zan kawo goron da za a raba. Ta ce a'a, akwai. Ashe ɗan kwandon nan ba ta taɓa shi ba tun ranar da na ba ta, sai dai ta sake masa ganye. Ta ce ba ta yi baƙo ba. Ta wanke goron, ta zuba a faranti, aka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfa yadda ake yi wa kowa. Liman ya zo da mutum biyu uku, sai 'yan dakon da suka rage, sai maƙwabtan rumfata da suka zo don ni. Tabarmi biyu ba a ko zauna kansu ba. Aka yi addu'a, aka zaga da faranti, kowa ya ɗauka, aka sake zagawa. Da mutane suka watse fiye da rabi yana nan. Ta tsaya da farantin a hannu tana duban titi ta wajen tsohon gidansu, ta jima, sannan ta tambaye ni ko goron da aka riga aka fitar don sadaka ya halatta a mayar da shi cikin ganye.